Murya a Gaba, Hannu a Baya: Kwamfuta Mai Katin Hoto Biyu da Aikin Rubuta Hausar Zango

Duk ɗalibin da ya taɓa zama don ya rubuta maganar da aka naɗa, kalma bayan kalma, ya san cewa kunne kaɗai ba ya isar mutum. Ɗauki kalmomin nuni su huɗu, waɗanda rubutun boko ya mayar da su biyu. Akwai *nan* mai faɗuwar sauti, wato inda mai magana yake. Akwai *nan* mai sautin sama, wato wajen mai sauraro ko wurin da aka riga aka ambata. Akwai *can* mai faɗuwa, wuri mai ɗan nisa da ido ke iya kaiwa. Sannan akwai *can* mai sautin sama, can nesa ƙwarai. A bakin tsohuwa mai magana ƙasa-ƙasa, ga kukan yara ga ƙarar babura a bayan gida, sau da yawa hannunta ne ke raba maka gardama. Inda ta nuna, da daidai lokacin da ta nuna, shi zai gaya maka wace kalma ta faɗa. In hoto ya makara da rabin daƙiƙa, nunin ya sauka a kan wata kalma dabam, kai kuwa ka rubuta abin da ba a faɗa ba.

Wannan ne dalilin da ya sa bayaninmu na yau ya ɗan ratse daga nahawu ya shiga cikin kwamfuta. Da yawanku na aiki da bidiyo, kuma na san wasunku na fama da irin abin da na yi fama da shi.

Shekaru kaɗan ke nan ina naɗar hirar dattawa a Nima da Maamobi, a nan Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Hausar da ake yi a nan tana da dogon tarihi. Hanyar goro ce ta kawo fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, kasuwar Salaga ta cika ta batse, har yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanenta zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, a Kete-Krachi ya ƙarasa rayuwarsa a 1934. A Accra kuwa Malam Bako ya kafa Sabon Zango, daga baya Nima ta taso a farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa. Yau Hausa ita ce harshen da Dagomba da Mosi da Kotokoli da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani ke haɗuwa a kansa a cikin unguwa. Wanda ya zo daga Kano zai ji ana cewa *cau* a wurin *kyau*, *jara* a wurin *gyara*, zai kuma ji matasa da yawa ba sa raba *ɗ* da *d* ko *ƙ* da *k*, jinsin mace ma ya kwanta a bakin wasu. Amma a bakin tsofaffi akwai tsofaffin kalmomi da salon jimla da ba ka ƙara jinsu ko a ƙasar Hausa. Masu wannan baki suna ƙarewa. Biyu daga cikin waɗanda na naɗa sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, abin da ya rage na muryarsu kuwa yana cikin fayilolin da ke hannuna.

Kwamfutar da nake aiki da ita ta tafi-da-gidanka ce, ta hannu, na saye ta a layin masu waya da kwamfutoci na Kwame Nkrumah Circle. Abin da ya ja ni gare ta shi ne alamomi biyu da ke manne a ƙasan madannai, na Intel da na NVIDIA, don an ce mini mai katin hoto biyu ta fi ƙarfin bidiyo. A rubutu da karatu ba ta taɓa ba ni matsala ba. Amma da zarar na buɗe hira, sai abu uku su riƙa faruwa ba tare da tsari ba. Wani lokaci fuskar ta yi baƙi ƙirin na daƙiƙa biyu ko uku, murya na ci gaba, hoton ya dawo a baya. Wani lokaci hoton ya riƙa tafiya da ɗingishi. Wani lokaci kuma fanka ta ɗauki kuka, murya da hoto duk su riƙa tsinkewa, wasali ya maƙale a tsakiya. Wannan na ƙarshe ya fi ɓata mini rai, domin tsakanin *gari* na mutane da *gari* na tuwo babu wani bambanci sai tsawon wasalin farko, karin sautinsu ɗaya ne, tazarar kuwa ba ta wuce ƙiftawar ido ba. A Gana, inda garin rogo ke cikin kowane gida, kalmomin biyu kan zo a jimla ɗaya.

Akwai wata hira da ta sa na daina haƙuri. Wata Hajiya ce a Maamobi take ba da labarin 1969, shekarar da gwamnatin Busia ta fitar da dokar baƙi a ranar 18 ga Nuwamba, aka ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Tana lissafa waɗanda suka tafi da waɗanda suka saura, tana cewa wannan ya zauna nan, wancan ya tafi can, hannunta na yawo tsakanin ƙofar ɗaki da bango da sama. Duk labarin yana rataye a kan waɗannan nune-nune. A daidai nan hoton ya ɗauke har sau biyu, ya dawo a makare. Ba yadda za a yi a rubuta wurin da gaskiya.

Na kai ta wurin wani mai gyara, saurayi mai hannu da ladabi. Ya kunna, ya duba, ya ce: "Malam, mu yi mata fomat kawai, ko kuwa mu kashe kati ɗaya, ka huta." Na ce masa: "Ɗana, bari mu fara sanin wanda ya yi laifi kafin a yanke hukunci." Fomat, wato share komai a sake zuba Windows, shi ne maganin kowace cuta a kasuwar gyara, kamar yadda wasu ke ba da maganin zazzaɓi ga duk wanda ya ce kansa na ciwo. Yakan yi aiki wani lokaci, amma ba ya gaya maka abin da ya faru, ciwon kuma kan dawo. Kashe kati daga cikin jerin na'urori na Windows shi ma yana da nasa haɗari: idan aka tsige manhajar da ke sarrafa katin, wadda masu gyara ke kira direba, to ba mai sa shi barci, yana iya zama a kunne yana shan batir yana ƙara zafi ba aikin fari ba na baƙi. A wasu kwamfutocin ma ramin HDMI yakan mutu tare da shi. Abin da ya yi mini mai amfani shi ne ya buɗe ta, ya fitar da ƙurar hunturu da ta yi dam a bakin fanka, ya sake shafa man da ke kai zafi daga ƙwaƙwalwa zuwa bututun sanyaya. Wannan ya rage kukan, amma baƙin fuska bai tafi ba.

Sai na koma na nemi fahimtar yadda katunan biyu ke zaune. Na farko yana cikin jikin ƙwaƙwalwar kwamfutar ne, ba shi da ma'adana tasa, yana aron ta kwamfuta, wutar da yake ci kaɗan ce. Na biyu guntu ne dabam, da ma'adanarsa, da ƙarfinsa, da cinsa. A 2010 NVIDIA ta fito da tsarin da ta kira Optimus don su zauna gida ɗaya. Wanda ya san yadda ciniki ke tafiya a zango ba zai sha wuyar gane shi ba. Na farkon shi ne maigida, shi ke riƙe da ƙofa, wato fuskar kwamfuta a hannunsa take. Na biyun baƙo ne mai dukiya da aka saukar a ɗakin baya: komai yawan hajarsa, ta zauren maigida za ta bi kafin ta kai kasuwa. Idan baƙon ya zana hoto, sai an kwafe shi zuwa wurin maigida, shi ne zai nuna. Idan ba aiki, baƙon ya kwanta barci, a yanke masa wuta gaba ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a irin wannan tsari ba a ɗaukar manhaja tana tsakiyar aiki a mayar da ita daga wannan kati zuwa wancan cikin ruwan sanyi. Lokacin da aka buɗe ta ake yanke wanda zai yi mata aiki, a kansa kuma za ta zauna. Saboda haka idan ka ga alamar sauyi a tsakiyar bidiyo, to wani abu ne daga waje ya tilasta shi: ko an janye katin da take kai, ko an tashi wanda ke barci, ko an jona wata fuska. Tambayar da ta kamata ke nan, mene ne ke taɓa su.

Gani ya kori ji. Idan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, manajan ayyuka na Windows zai buɗe, kuma tun daga sabuntawar ƙarshen 2017 ta Windows 10 yana nuna katunan hoto a shafinsa na biyu, ɗaya GPU 0, ɗaya GPU 1, kowanne da sunansa. Kowane kati yana da ƙananan zane-zane masu hawa da sauka: na zana siffofi, na kwafi, da na warware bidiyo. Wannan na ƙarshe shi ne abin dubawa. Bidiyo a matse yake zuwa, kamar auduga a buhu, dole a warware shi hoto-hoto kafin a nuna, hotuna 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, wato kowane hoto yana da kimanin kashi 33 zuwa 40 cikin dubu na daƙiƙa ya iso. Katunan suna da wani ɗan sashe da aka gina don wannan aiki kaɗai. Na Intel ana kiransa Quick Sync, tun 2011 yake. Na ajiye wannan taga a gefe, na saki hirar Hajiya, na ɗauki biro da littafi.

Abu na farko da na gani: baƙon ne ke ɗauke da manhajar kallo. Da na shiga NVIDIA Control Panel sai na tarar wanda ya riƙe kwamfutar kafin ni ya umarci komai da komai ya bi ta kati mai ƙarfi. Da alama ɗan wasan kwamfuta ne, a wurinsa kuwa hakan daidai ne. Abu na biyu: duk lokacin da fuska ta yi baƙi, GPU 1 kan ɓace daga jerin, jim kaɗan ya dawo. Na zare caja da gangan ana cikin kallo, sai ga baƙin nan, sak irin wanda na saba gani. Na mayar, aka sake ƙiftawa. Ashe akwai wata manhajar tsimin batir da ta zo da kwamfutar, aikinta shi ne ta rufe ɗakin baƙo da zarar an koma kan batir, ta buɗe idan wuta ta dawo. Manhajar kallo kuwa, da ta ga an janye mata kati, sai ta daburce, ta sake kafa kanta a wurin maigida, murya kuma ba ta jira ta ba, don ita hanyarta dabam.

Ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a nan. Wanda ya zauna Accra a 2015 ya san *dumsor*, kalmar Tuwi mai nufin kashe-kunna, wadda ta shiga bakin kowa har da masu Hausa. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne baƙin fuskar na zuwa ko da ƙwan ɗaki na ci, fankar sama na juyawa. Sai da na zuba wa ɗan hoton batir na ƙasan fuska ido na ga yana sauyawa da kansa, caji, ba caji, caji. Soket ɗin da nake jona caja ne ya saki. Tebur na motsi kaɗan, ko yaro ya gifta ya taɓa waya, sai haɗin ya yanke na ɗan lokaci. A wurin kwamfutar, an ɗauke wuta an dawo da ita ke nan, ita kuwa tana bin umarnin da aka ba ta. Soket na 'yan sidi kaɗan, shi ya hana ni rubuta labarin 1969 har tsawon makonni.

Na sauya soket, amma ban tsaya nan ba, domin wuta ta gaske za ta ci gaba da ɗaukewa. Maganin da ya dace shi ne a mayar da manhajar kallo wurin maigida dindindin, don ko an rufe ɗakin baƙo ba abin da zai shafe ta. A cikin saitunan Windows, a sashen fuska, can ƙasa akwai saitin hoto, wanda aka ƙara a sabuntawar Afrilun 2018. A nan za ka zaɓi manhaja, a ba ka zaɓi uku a jere: ka bar wa Windows ta yanke, ko tsimin wuta, ko ƙarfin aiki, da sunan katin da kowanne ke nufi. Na sa manhajar kallo a kan tsimin wuta. Haka na yi wa ELAN, manhajar da Cibiyar Max Planck ta Nijmegen a ƙasar Holan ta yi don rubuta magana a ƙarƙashin bidiyo, haka na yi wa burauza. A lura da wani abu da ke rikita mutane: tun daga sabuntawar Mayun 2020, abin da ka zaɓa a nan shi ke rinjaye a kan abin da ka zaɓa a wurin NVIDIA. Mutum kan gyara can, ya ga ba abin da ya sauya, ya ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Kuma sai an rufe manhaja an sake buɗewa kafin sabon zaɓin ya kama.

Sunan "tsimin wuta" na sa mutum ya ji kamar an rage masa wani abu. A aikin kallo ba a rage komai ba. Sashen warware bidiyo na Intel ya isa ya ɗauki fayil ɗin hira ba tare da gumi ba, ga shi ba sai an kwafi hoto daga ɗaki zuwa ɗaki ba. Wasu ƙananan katunan NVIDIA na kwamfutocin tafi-da-gidanka ma ba su da wannan sashe kwata-kwata, don masu ƙira sun san maigida zai yi aikin. Ƙarfin baƙo na wasanni ne da zane da haɗa fim. A ra'ayina ɗalibin harshe da zai sayi kwamfuta gobe bai kamata ya biya kuɗin kati na biyu ba. Ya sa kuɗin a ma'adana da makirufo mai kyau, ya fi masa.

Bayan wannan na sake zare caja ana cikin kallo. Fuskar ta ɗan dushe, kamar yadda takan yi a kan batir, amma hoton bai tsaya ba. Na koma kan hirar Hajiya, na bi ta a hankali. Inda ta ce wani ƙanin mijinta ya tafi *can*, hannunta ya ɗaga sama ya yi baya ta kan kafaɗa, sautin kuma na sama ne: can nesa, ƙasar da bai taɓa gani ba, wadda aka ce ita ce tasu. Inda ta ce surukarta ta zauna *nan*, tafin hannunta ya sauka a kan tabarmar da muke zaune. Da na je gaishe ta na karanta mata wurin, ta ce: "Haka ne, ɗana, a ɗakin nan ta ɓoye." Ga wanda ke son misalin faɗuwar sauti a bakin mai harshe, ban taɓa samun wanda ya kai wannan tsabta ba.

Ɗingishin hoto kuwa labarinsa dabam. Ba ya zuwa sai ranar Asabar, ranar da nake zama da matasan Maamobi masu jin Hausa kamar ruwa amma ba su taɓa rubuta ta ba. A ajin muna jona kwamfutar da talabijin ta HDMI. A cikin NVIDIA Control Panel akwai shafin PhysX, wanda ke zana hoton katunan biyu da ramukan da ke jikin kowanne. A nan na ga cewa a tawa kwamfutar ramin HDMI kai tsaye yake haɗe da baƙo. Wato a ranar aji al'amarin juyewa yake yi: baƙo ne ke riƙe da ƙofar waje, maigida ne ke aika masa hoto, ga kuma fuska biyu na nuna abu ɗaya kowace da nata saurin. Na ware wata manhajar kallo ta biyu, VLC, na ɗora ta a kan ƙarfin aiki don ranar aji kaɗai, na kuma danna madannin Windows da P na zaɓi a nuna a talabijin kawai. Sauran ɗingishin ya fito ne daga lissafi. Talabijin ɗin yana sabunta fuskarsa sau 50 a daƙiƙa, bidiyon waya kuwa hotuna 30 ne, 30 ba ta shiga 50 daidai, dole wasu hotuna su daɗe fiye da wasu. Da na mayar da shi 60, kowane hoto ya sami rabonsa biyu, tafiyar ta miƙe. Ba kowace kwamfuta aka haɗa haka ba, a wasu duk ramukan na maigida ne, don haka kowa ya duba tasa.

Na uku, mai kukan fanka da maƙalewar wasali, ba ruwansa da sauyin kati ko kaɗan, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Ba ya faruwa sai a kan fayilolin da jikokin dattawa ke turo mini daga sababbin wayoyi, na suna da na biki da na wa'azi. Da na duba taga, zanen warware bidiyo na katunan biyu a kwance yake, ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa ta kusa cika. Salon matsi ne sanadi. Tsohon salon da kowa ya iya shi ne H.264. Sababbin wayoyi da yawa suna amfani da HEVC, wanda ke rage girman fayil sosai, wayoyin iPhone ma tun 2017 suka koma kansa, wasu kuma na naɗa da zurfin launi na bit 10. Ƙwaƙwalwar Intel zubi na shida, irin tawa, tana warware HEVC mai bit 8, amma cikakken mai bit 10 sai daga zubi na bakwai. Da sashen musamman ya ce bai iya ba, sai aikin ya faɗo kan ƙwaƙwalwa ta yi shi da ƙarfin tsiya, ta yi zafi, ta rage gudu don kada ta ƙone, a zafin Accra na watan Maris kuwa ba ta da nisa da wannan iyaka. Ba saitin da zai koya wa guntun ƙarfe abin da ba a gina shi da shi ba.

Mafita ita ce a juya fayil. Ina amfani da HandBrake, kyauta ce, in mayar da shi H.264, in kuma tilasta masa adadin hotuna tsayayye. Wannan na biyun yana da muhimmanci ga mai rubuta magana, domin waya kan riƙa sauya adadin hotunan da take ɗauka gwargwadon haske, abin da kan sa alamar da ka dasa a minti na biyu ta zauna daidai, ta minti na arba'in kuma ta goce. Nakan bar juyin ya kwana yana yi. Asalin fayil ɗin ba na taɓa shi, yana da kwafi biyu a wurare biyu, don ba a san ranar da za a sami kwamfutar da ta fi wannan ba. Daga cikin wanda aka juya nake cire murya zalla a siffar WAV, ita nake buɗewa a Praat, manhajar Paul Boersma da David Weenink ta Jami'ar Amsterdam, idan ina son auna tsawon wasali ko ganin hawa da saukar sauti. Shawarata ga kowa ita ce kada ya yanke hukuncin tsawon wasali daga bidiyo, ko da kwamfutarsa lafiya lau take.

Batun direba na bar shi a ƙarshe da gangan, ko da yake shi ake fara ambata. Idan ka yi duk abin da ya gabata baƙin fuska bai tafi ba, to ka sabunta na katunan biyu, ka fara da wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya ajiye a shafinsa, domin sau da yawa an daidaita shi da yadda aka haɗa wayoyin cikinta. Fayilolin manya ne, ɗaruruwan megabait, gara a jira datar dare. Amma a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya sauya biyar a tare, ko ya warke bai san maganin ba.

Wani abin da ya fito daga wannan wahala shi ne muhawarar da muka yi a aji kan sunaye. "Katin hoto" ya zauna a baki, ko da yake a cikin tafi-da-gidanka ba kati ba ne, guntu ne da aka liƙe. Don bambanta su, wani ya kawo "na haɗe" da "na ware", wata ta ce "ɗan ciki" da "ɗan waje", wanda ni ya fi kwanta mini, sai dai na farkon ya fi dacewa da rubutu. A kan aikin buɗe matsattsen bidiyo an so a ce "fassara", na ƙi, domin fassara daga harshe zuwa harshe take, nan kuwa abu ne da aka naɗe ake kwancewa, "warware" ta fi kusa. "Direba" mun bar shi yadda yake, tunda kasuwa ta riga ta karɓa kuma ma'anar tuƙi ba ta yi nisa ba. Sai jinsi: ni ina cewa kwamfuta *ta* mutu, su suna cewa *ya* mutu, kuma da na tambaye su me ya sa, suka ce ai ba mace ba ce. Na rubuta duka biyun a allo, na sa musu sunan inda ake faɗar kowanne.

Wannan ya kai mu ga yadda nake tsara fayil a ELAN yanzu. Layi na farko na abin da aka faɗa ne yadda aka faɗe shi, *cau* ya zauna *cau*, da alamar tsawo da ta sauti a kan kowane wasali. Layi na biyu daidaitacciyar Hausa ce, don mai karatu daga Kano ko Maraɗi. Na ƙara layi na uku tun bayan hirar Hajiya, na hannu da ido: ina aka nuna, da wane hannu, daga wane hoto zuwa wane. Wannan layin ba ya cikuwa sai a fayil ɗin da aka juya, a kan katin maigida, kuma kafin in fara nakan nemi wurin da mai magana ya tafa hannu ko ya rufe leɓe a kan *b* ko *m*, ɗaya a farkon hira ɗaya a ƙarshenta, in tabbatar sautin da hoton sun faɗi tare. Hirar da ke gabana a wannan makon ta wani tsohon mahauci ce a Nima, minti 52, mai yawan nuni da haɓa maimakon hannu, don haka layin na uku zai buƙaci wata alama da ban riga na ƙirƙira ba.